Ƙirar Ƙugiya a Wasan Labari na Kan Tebur

1. Gabatarwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani ɗan ƙaramin al'amari daga cikin wasannin zamani na ƙasar Amurka, watau yadda 'yan wasa suke ƙirƙiro kayan aiki na kansu su shigar da shi cikin wasan da ake kira Dungeons & Dragons. Kayan aikin da aka zaɓa shi ne ƙugiya, irin wadda ake ɗaura wa igiya a jefa bisa katanga ko tsauni, in ta kama a bi igiyar a hau. Mai sauraro yana iya cewa ai wannan sha'anin yara ne, bai kai a tara jama'a a jami'a dominsa ba. To amma ita ƙugiyar wasa ba a maƙera ake yin ta ba. 'Yan layuka ne na doka da wani ya zauna ya rubuta a takarda, kuma mutum huɗu ko biyar za su yi watanni suna bin wannan doka. Idan ta yi kyau, wasa ya yi armashi. Idan kuwa ta karkata, sai wani ya cutu, wani ya yi fushi, zama ya watse. Ɗalibin adabi zai ga yadda kaya guda yake gyara labari ko ya ɓata shi, ma'aikacin ofis kuma zai ga irin tambayoyin da ya wajaba mai tsara ƙa'ida ya amsa kafin ya sa hannu.

Abin da laccar take son tabbatarwa guda ne: darajar kaya a irin wannan wasa tana ga zaɓin da yake ɗora wa mai riƙe da shi, da kuma farashin da yake biya a kan kowane zaɓi. Kayan da ya iya komai a banza, shi ne yake kashe labari.

2. Asalin Wasan da Yadda Ake Yin Sa

Tushen wannan wasa yana cikin wasannin koyon dabarun yaƙi. Cikin 1824 wani hafsan sojan Furushiya, a Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan da ake yi bisa taswira, inda ɓangare biyu suke ba da umurni, alƙali kuma yana tsakani yana yanke abin da ya auku. Cikin 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga dokokin wasan yaƙi da 'yan sojojin gubba domin nishaɗin farar hula. Daga wannan zuriya ne Gary Gygax na garin Lake Geneva a Jihar Wiskonsin, da Dave Arneson na Jihar Minesota, suka fito da Dungeons & Dragons a farkon 1974, cikin 'yan littattafai uku a kwali guda, kuma kwafi 1,000 aka fara bugawa. Sabon abin da suka kawo shi ne kowane ɗan wasa ya bar jan runduna ya riƙi mutum guda, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Kamfanin da ya buga wasan, TSR, ya koma hannun Wizards of the Coast cikin 1997, shi kuma Hasbro ya saye shi cikin 1999. An fito da bugu na uku cikin 2000, aka gyara shi cikin 2003, bugu na biyar ya fito cikin 2014, sa'an nan aka sabunta shi cikin 2024.

Yadda ake wasan kuwa shi ne, mutane su kewaye tebur, ɗaya daga cikinsu ya zama jagora. Shi yake bayyana wuri da lokaci da abokan gaba, kamar yadda mai tatsuniya yake yi. Bambancin shi ne a nan masu sauraro su ne taurarin labarin. Wannan mayaƙi ne, wancan matsafi, wata kuma ɓarauniya ce gwanar hawa da buɗe kwaɗo. Jagora ya ce ga ganuwa a gabanku, masu gadi suna bisa, sai kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. Idan abin yana da shakka, sai a jefa ɗan ƙuri'a, watau irin ƙwayar nan da ake jefawa a wasan lido, sai dai wanda aka fi amfani da shi a nan fuska 20 gare shi. A haɗa lambar da ta fito da makin gwanintar tauraro, in jimlar ta kai lambar da jagora ya aza, an yi nasara. Bugu na biyar ya jera waɗannan lambobi: 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ya kamata a sani cewa ba a aza kuɗi a wasan, saboda haka ba caca ba ne. Ɗan ƙuri'a yana tsayawa ne a matsayin abin da ba wanda ya san yadda zai kaya, har shi jagoran.

Tun daga farko 'yan wasa ba su tsaya ga abin da ke cikin littafi ba. Kowane tebur yana ƙara nasa, abin da za a iya kira ƙirar gida. Cikin 1975 Lee Gold ta fara fito da mujallar Alarums & Excursions a Kalifoniya, inda 'yan wasa suke musayar dokokin da suka ƙaga. Cikin 2000 kamfanin ya ba da lasisin da ya halatta wa kowa ya buga abin da ya gina bisa tushen dokokin. Da aka yi yunƙurin canza wannan lasisi a watan Janairu na 2023, 'yan wasa suka yi ca, har kamfanin ya janye. Wannan ya nuna cewa ƙirar gida tana cikin jinin wasan.

3. Ƙugiya ta Haƙiƙa

Mai son rubuta dokar abu, wajibi ne ya fara sanin abin a zahirinsa. Bahaushe ya san ƙugiya tun da daɗewa. Ita ce ƙarfen nan mai yatsu da ake zurawa rijiya a lalubo guga in igiya ta tsinke. Duk wanda ya taɓa ganin ana wannan aiki ya san abu biyu. Ba kullum take kamawa a karo na farko ba, kuma wani lokaci takan kama, a ja har a kusa baki, sa'an nan gugan ya suɓuce ya koma. Waɗannan halaye biyu su ne jigon duk dokar da za a rubuta.

Tarihin yaƙi ya ƙara wasu darussa. Cikin shekara ta 36 kafin haihuwar Annabi Isa, a yaƙin ruwa na Naulokus kusa da tsibirin Sisili, Agrippa, kwamandan jiragen Rum, ya yi amfani da ƙugiyar da ake harbawa da na'ura ta kama jirgin abokan gaba a jawo shi. An lulluɓe sandar da ke bayan ƙugiyar da ƙarfe, don kada a sare ta, igiyoyin kuma suna can nesa inda takobi ba ya kaiwa. Ke nan tun wancan zamani an gane cewa raunin ƙugiya yana ga igiyarta.

Ranar 6 ga Yuni, 1944, a gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa, sojojin Amurka kimanin 225 ƙarƙashin Laftanar Kanar James Rudder suka sauka gindin wani tsauni da ake kira Pointe du Hoc, mai tsawon kamar ƙafa 100, Jamusawa suna bisa. Sun zo da ƙugiyoyi da ake harbawa da roka daga cikin jiragensu. Amma igiyoyin sun sha ruwan teku a hanya sun yi nauyi, saboda haka da yawa ba su kai bisa ba. Waɗanda suka kama kuma, Jamusawa suka riƙa yanke wasu suna jefo gurneti. Duk da haka sojojin suka hau. Abin lura a nan shi ne, abin da ya sa ake tuna wannan rana shi ne wahalar hawan. Da a ce kowace ƙugiya ta kama, ta kuma ɗaga soja bisa cikin ƙiftawa da bismilla, da ba wanda zai ba da labarin.

Akwai kuma lissafin nauyi. Ƙafa 50 ta kai kimanin mita 15, watau tsawon bene mai hawa huɗu ko biyar. Kafin abu ya kai wannan tsawo sai ya bar hannu da gudun kusan mita 17 a daƙiƙa guda, ba a ma sa nauyin igiyar da yake ja ba. Mai ƙira ba dole ne ya bi ilmin kimiyya sau da ƙafa ba, amma ya kyautu ya san inda ya saɓa masa.

4. Abin da Littattafan Wasan Suka Tanada

Bugu uku sun bi hanya uku, kuma kwatanta su yana da amfani. Bugun 2003 ya yi dogon bayani. Lambar da ake nema 10 ce, a ƙara 2 a kan kowace ƙafa 10, har ta kai 20 a ƙafa 50. Wanda ya gaza da maki 4 ko ƙasa da haka, ƙugiyarsa ta faɗo, ya sake. Wanda ya gaza da 5 ko fiye, ƙugiyar za ta yi kamar ta kama, sai an ɗan jima da hawa ta saki. Jagora ne yake jefa ƙuri'ar a ɓoye, domin kada ɗan wasa ya san gaskiyar lamarin.

Bugun 2014 kuwa bai faɗi komai ba ban da kuɗi da nauyi: zinariya 2, laba 4. Sauran ya bar wa jagora. Wannan giɓi shi ya sa jagorori da yawa suka zauna suka rubuta tasu dokar. Bugun 2024 ya cike giɓin da 'yar gajeriyar doka: a jefa ƙugiya ga abin kamawa da bai wuce ƙafa 50 ba, lambar da ake nema 13.

Dokar farko tana da daɗin labari amma tana da haɗari. Ta biyu ta ba da 'yanci amma tana jawo gardama. Ta uku tana da sauƙi, sai dai ta bar tambayar abin da zai biyo bayan kuskure. Mai ƙirar gida yana neman abin da ya dace da teburinsa a tsakanin waɗannan.

5. Roƙon Ɗan Wasa da Haƙƙin Abokansa

Galibi maganar tana tasowa ne daga ɗan wasa. Ya ga Batman a fim ɗin 1989 yana harba ƙugiya ta fizge shi sama, ko kuwa ya yi wasan bidiyo na Zelda na 1991 inda ake ƙetare rami da irin wannan na'ura. Sai ya zo wa jagora da roƙo: a ba mayaƙinsa ƙugiya mai kai ƙafa 60, mai ɗaga shi nan take, ba ƙuri'a, ba iyaka. Jagora mai son faranta rai yakan amsa ba tare da nazari ba. A nan matsala take farawa.

Dalili kuwa shi ne, akwai waɗanda suka riga suka biya farashi don su sami irin wannan iko. A bugun 2014, ɓarauniya sai ta kai mataki na uku kafin ta iya hawa da saurin da take tafiya a ƙasa, kowa kuwa rabin saurinsa yake hawa. Matsafi sai a mataki na uku yake samun sihirin da ke ɗauke shi nan take zuwa ƙafa 30, kuma a wannan mataki gurbi biyu kacal yake da shi na sihiri mai wannan daraja. Sihirin tashi sama kuwa sai mataki na biyar. Idan mayaƙi ya sami abin da ya fi waɗannan da 'yan kuɗi kaɗan, to an shiga gonar mutum biyu. Wadda ta zaɓi ɓarauniya don ta zama mai hawa ta buɗe wa 'yan'uwa ƙofa, yanzu ta zama 'yar kallo. Ba lalle ta yi magana ba, amma sannu a hankali za ta daina zuwa.

Shi kansa jagora ya ɗaure hannunsa. Ganuwa, rami, kogi, hasumiya, duk sun tashi daga zama cikas. Labarin da ya shirya na neman hanyar shiga birni, da lallashin mai tsaron ƙofa, da ɓad da kama, ya rushe da harbi guda.

Masana tatsuniya sun daɗe da lura da wannan. Vladimir Propp, masanin Rasha, a littafin da ya buga cikin 1928 a kan ƙirar tatsuniyoyin ƙasarsa, ya fitar da matakai 31 da labaran suke bi. A cikinsu, kafin tauraro ya karɓi kayan al'ajabi sai mai bayarwa ya jarraba shi. A tatsuniyoyin Hausa ma, in aljani ko tsohuwa ta ba yarinya wani abin mamaki, akan haɗa shi da sharaɗi, kada ki buɗe a hanya, kada ki waiwaya, kuma daga kiyaye sharaɗin ko karya shi labarin yake samun ƙafa. Hausawa sun taƙaita zancen da cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu.

6. Farashi

Farashin kaya a wannan wasa iri huɗu ne: kuɗi, nauyi, hannu da lokaci. Hanya mafi aminci ta ƙayyade su ita ce a gina sabon abu daga tsofaffin da littafi ya riga ya yi wa kuɗi. Alal misali, a ce ana son ƙugiyar da ake harbawa da baka mai kunama, watau bakan da ake ɗanawa a saki kamar bindiga. A bugun 2014 ƙaramin irin wannan baka zinariya 25 ne, laba 5. Igiyar siliki mai ƙafa 50 zinariya 10 ce, laba 5. Ƙugiya 2, laba 4. Jimla zinariya 37, laba 14. A ƙara ladan maƙeri a mai da kuɗin 50. Da haka babu mai cewa an yi son kai, domin kowace lamba tana da asali.

Kuɗi dai shi ne mafi raunin farashi, don bayan 'yan makonni taurari sukan tara dukiya. Wanda ya fi tasiri shi ne lokaci. A fagen fama ana raba wasa zagaye zagaye, kowane zagaye daƙiƙa 6 ne a cikin labari, kuma kowane tauraro babban aiki guda yake yi a cikinsa. Idan harba ƙugiya ya cinye wannan aiki, to mayaƙi ya zaɓa ke nan tsakanin sara da hawa. Idan kuma tana bukatar hannu biyu, sai ya rataye garkuwarsa. Mai saurin ƙafa 30 yana hawan ƙafa 15 a zagaye, saboda haka ganuwa mai ƙafa 50 za ta ci masa zagaye huɗu, ko biyu in ya bar kowane aiki ya duƙufa ga hawa. Duk tsawon wannan lokaci yana reto a igiya, maharba suna kallonsa. Wannan shi ne farashin da yake haifar da labari.

7. Ƙuri'a da Sakamakon Kuskure

Kowace fuska ta ɗan ƙuri'a mai fuska 20 tana daidai da kashi 5 cikin 100. Tauraro mai ƙarin maki 3, in ana neman 13, yana bukatar 10 ko fiye, watau fuska 11, kashi 55 ke nan. To amma in an bar shi ya yi ta maimaitawa ba hasarar komai, damar ya kasa sau biyu a jere kashi 20 ce, sau uku kuma kashi 9. Ashe nasara tabbas ce, ƙuri'ar ɓata lokaci kawai ta yi. Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: inda babu abokan gaba, babu gaggawa, kada a jefa ƙuri'a, a ce ta kama. Inda za a jefa kuwa, lalle kuskure ya zo da hasara, ko ƙarar ƙarfe da za ta farkar da masu gadi, ko zagaye guda da za a ɓata wajen naɗe igiya.

Sai dai hasarar ma tana da ma'auni. Dokar faɗuwa ita ce a jefa ɗan ƙuri'a mai fuska 6 guda ɗaya a kan kowace ƙafa 10, abin da ya fito a cire daga makin lafiyar tauraro. Faɗuwa daga ƙafa 50 guda biyar ke nan, matsakaicin abin da suke bayarwa 17 da rabi. Matsafi a mataki na farko yakan fara da maki 7 ko kusa da haka, kuma doka ta ce in raunin da ya rage bayan makinsa ya ƙare ya kai yawan makin nasa, ya mutu nan take. Watau 14 ta ishe shi. In aka lissafa, guda biyar suna ba da 14 ko fiye a kusan kashi 85 cikin 100. Saboda haka jagoran da ya ɗauko dokar ɓoye ta 2003 ya bar ƙugiya ta saki a ƙoli, yana iya kashe tauraron da aka yi makonni ana reno, a kan ƙuri'ar da mai shi bai ko gani ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma ɗan wasa zai ji a ransa an yaudare shi.

Maganin abin biyu ne. Na farko, a ba ɗan wasa hanyar sanin gaskiya in ya yarda ya biya: ya ɓata zagaye guda yana jan igiya da ƙarfi, in ba ta kama sosai ba ta faɗo tun yana ƙasa. Na biyu, a rage girman masifar: ƙugiya ta saki a tsakiyar hanya, inda faɗuwa ba ta wuce ƙafa 25 ba. Wannan guda biyu ne kawai, iyakarsu 12, wadda za ta iya sumar da matsafi mai cikakkiyar lafiya amma ba za ta kashe shi nan take ba. Yanzu in ya faɗi, ya san shi ya zaɓi gaggawa.

8. Dokar da Aka Ƙera

In aka haɗa waɗannan duka, ga yadda dokar za ta kasance a takarda.

Ƙugiyar maƙera. Kuɗinta zinariya 50, nauyinta laba 14. Ana harba ta da hannu biyu, harbin kuma yana cin babban aikin zagaye. Tana kai ƙafa 50, kuma sai inda akwai abin kamawa. Jagora ne yake jefa ƙuri'ar zafin nama a ɓoye: ana neman 10 in nisan bai wuce ƙafa 30 ba, 14 in ya wuce. In an gaza da maki 1 zuwa 4, ta faɗo da ƙara, sai an ɓata zagaye guda kafin a sake ɗanawa. In an gaza da 5 ko fiye, ta yi kamun ƙarya, za ta saki a rabin hanya, mai hawa kuma yana da damar cafke wani abu in ya sami 12. Wanda ya ɓata zagaye guda yana jan igiya zai gane kamun ƙarya. Igiyar mutum guda take ɗauka a lokaci guda, ba ta ɗaga kowa, kuma ana iya yanke ta kamar kowace igiya. In an harbi mai rai da ita, ana jefa ƙuri'ar kai hari, raunin na ɗan ƙuri'a mai fuska 4 ne, sa'an nan a gwada ƙarfi, in maharbi ya rinjaya ya jawo shi ƙafa 10, muddin bai fi shi girma ba.

Jimlar ƙarshe tana bukatar bayani. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai ce zai kama ƙafar abokin gaba da ƙugiyar, domin 'yan wasa ba sa barin kaya a inda aka ajiye shi. Gara a yanke hukuncin tun ana cikin natsuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ba a bukatar a bi kowace dabara da doka. Abin da ya wuce wannan a bar wa jagora, don dokar da ta cika shafi ba mai karanta ta a tsakiyar wasa.

Ana iya auna dokar da lissafi. Mai ƙarin maki 3 yana kamawa a kashi 70 a kusa, kashi 50 a nesa. A nesa, kamun ƙarya kashi 30 ne, damar kasa cafkewa kuma kashi 40, saboda haka wanda bai gwada igiya ba zai faɗi a harbi 12 cikin 100. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi tunani, bai kai ya sa ya jefar da kayan ba. Ɓarauniya kuma ba ta yi hasara ba. Ita ce mai zafin nama, ita ta fi kowa saurin hawa, don haka da ƙugiyar ta shigo, ita za a miƙa wa ta fara hawa ta tsare bakin igiya.

9. Gwaji da Gyara

Lissafi ba ya maye gurbin gwaji, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya kyautu jagora ya shaida wa 'yan wasa tun farko cewa dokar ta gwaji ce, za a sake duba ta bayan zama uku ko huɗu. Wannan sanarwa tana da muhimmanci, domin karɓe abu daga hannun wanda ya saba da shi ya fi hana shi tun farko zafi. Saboda wannan dalili ne kuma ya fi kyau a fara da kaya mai rauni a ƙara masa ƙarfi daga baya.

A lokacin gwaji alamu biyu ake dubawa. In ƙugiyar tana cikin jaka ba mai tunawa da ita, farashinta ya yi yawa, sai a rage lambar da ake nema ko a ƙara nisa. In kuwa ita ce amsar kowace matsala, ba a ƙara neman ƙofa ko tsani ko lallashi ba, to ta yi araha. Alamar dacewa ita ce a ji 'yan wasa suna gardama a tsakaninsu, wannan yana cewa a harba, wancan yana cewa masu gadi za su ji. Ya kamata kuma jagora ya tambayi wanda ya fi kowa shiru a teburin, don mai kayan ba zai taɓa cewa kayansa sun yi ƙarfi ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

10. Kammalawa

An ga asalin wasan, an ga ƙugiya a rijiya da fagen yaƙi, an kwatanta dokokin 2003 da 2014 da 2024, sa'an nan an ƙera sabuwa an auna ta. Tambayoyin da aka bi su ne: me kayan yake yi, me ake biya, yaushe ake jefa ƙuri'a, me zai biyo bayan kuskure, kuma gonar wa ya shiga. Ɗalibin da yake rubuta labari ko wasan kwaikwayo yana iya yi wa duk wani laya ko makami da ya ba tauraronsa waɗannan tambayoyi. Ma'aikacin da aka ba aikin tsara ƙa'idar ba da rance ko rabon gidaje zai tarar cewa ta ƙarshen, watau haƙƙin wanda ya riga ya bi layi ya biya, ita aka fi mantawa, kuma daga nan yawancin ƙorafi yake fitowa.

Akwai sauran aiki ga masu nazarin harshe. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar jagora, ɗan ƙuri'a, makin lafiya da ƙirar gida, shawara ce kawai. Masu sha'awar yin irin wannan wasa da Hausa su ne za su gwada su a bakinsu, su riƙe wadda ta zauna, su musanya wadda ba ta zauna ba.